Shafin Sancocho Ya Ƙi Zama

Shafin ya sake zabura ya koma sama. Yaneris ta daki tebur.

Tun safe take rubuta yadda marigayiya mahaifiyarta ke dafa miyar sancocho, don shafinta na girke-girke. Da zarar ta gangara wajen rogo da ɗanyar ayaba, sai allon ya zarce can sama, inda ta saka hoton Mama riƙe da ludayi. Ta kashe kwamfutar ta kunna, a banza. Ta kira Wilfredo mai gyara, ta wanke shi tas.

"Yaneris!" mahaifinta, Don Eusebio, ya ƙwala kira daga falo.

"Baba, don Allah ka ƙyale ni! Aiki nake yi!"

Tun rasuwar Mama haka yake, sai kira ba gaira ba dalili.

Shafin ya hau. Ta ja shi ƙasa. Ya sake hawa. Ta miƙe a fusace tana zare wayoyi, ta bi wata doguwa har falo, nan ta tsaya turus.

Ashe tun kallon wasan jiya kwamfutar na haɗe da talabijin. Baba na zaune dab da allon, tsohon linzamin kwamfutarta mara waya a hannunsa, idanunsa jajir.

"'Yata, zo ki duba min abin nan, ya lalace," ya ce a hankali. "Duk sanda na dawo da mamanki, sai wani abu ya ƙwace min ita."