Jinin Fari

"Matsa kusa," in ji Baba. "Ba wa barewar nan damar jin warinka."

Yayana ya yi dariya, ya shafa madubin hangen nesa da ke kan sabuwar bindigarsa. "Haba Baba, zamanin rarrafe cikin ƙaya ya wuce. Daga nan ma ina ganin gashin idonta."

Barewar tana can ƙetaren kwari cikin garke, ni ɗigo kawai nake hangowa. Ya harba. Kafin harsashin ya isa, ta motsa kai. Garken ya watse.

"Iska ce ta kautar da shi," ya ce. "Ko ƙwarzane ba ta samu ba."

Bayan 'yan kwanaki na tarar da ita a kwamin ruwan tumakinmu. Ba ta gudu ba. Ta tsoma fuska cikin ruwan, amma babu muƙamuƙin ƙasa da za ta sha da shi, sai ƙudaje. Baba ne ya ƙarasa ta da wuƙa.

A nan yankinmu na Karoo, wanda ya kashe dabbarsa ta farko, jininta ake shafa masa a fuska. Yayana ya matso, ya miƙo kumatu, idonsa a ƙasa.

Baba ya wuce shi. Ya ɗauki bindigar, ya goga jinin a madubin har ya rufe ruf.

"Wannan ne ya yi farautar," ya ce. "Kai ai ba ka je ba."