Sheƙa a Kan Fanka

"An kawo wuta!" Ihun yaran garin Bagudo ya farkar da ita a gindin darbejiya, tana tsakiyar mafarkin iska mai sanyi.

Tun kafin damina aka ɗauke wuta. Ta bar fankar ɗakinta a kunne, ta koma ga randa da mafici, har ta manta.

Ta ruga ɗaki ba takalmi. Fankar ta soma juyawa a hankali, sheƙar kurciya na lilo a kanta kamar kwalekwale bisa kogin Kwara. Ta yi maza ta kashe.

"Ke! Zuhwa za ta gama da mu!" in ji maigidanta.

"Haƙuri, Malam. Bari su koyi tashi."

Ƙananan bakuna biyu suka leƙo suna tsuwa, a ɗakin da bai taɓa jin kukan jariri ba.