Otal a Bakin Tasha

Kafin matarsa ta gama ninke kayan yara, Masani ya riga ya soke rabin otal-otal ɗin birnin da za su je. Yana kishingiɗe a doguwar kujera da waya a hannu, yana karanta sharhin da baƙi suka rubuta yana taɓe baki. Wannan ƙarya ce. Wancan saye aka yi. Mai na ukun ko ƙofar otal ɗin bai taɓa gani ba.

Masani ba sunan yanka ba ne, dangin matarsa suka laƙaba masa, kuma ba don yabo ba. A kamfanin talla yake aiki, ya wuni yana buga kwamfuta, ya dawo gida da ra'ayi a kan komai, daga man gashi har tayar mota.

Tafiyar kuwa ba ta shaƙatawa ba ce. Surukarsa za ta ga likitan ƙashi a babban asibiti, gwiwarta ta ƙi, kuma an yi watanni ana jira kafin a ba ta rana. In ta makara, sai ta koma ƙarshen layi. Yayan matarsa ya ce su sauka gidan wani abokinsa, a kai su asibiti a mota. Masani ya ce Allah ya kiyaye. Yana raye za a kai iyalinsa cin arziki? Otal zai kama, na iyali, a bakin tashar jirgin ƙasa, Mama ta ɗan taka ta shiga jirgi, a sauke ta a ƙofar asibiti.

Can ya miƙe zaune. Ya samu. Shafin intanet ɗin ba ya nuna sunan kowa, "matafiyi mai iyali" kawai aka sa, amma sharhin ya kwanta masa a rai: "Mun sauka da yarana da mahaifiyata mai ciwon ƙafa. Tasha tana bakin ƙofa, ɗaki wadatacce, ma'aikata masu fara'a. Aibinsu ɗaya, tawul ɗinsu ya ɗan tsufa."

"Kin ji mai gaskiya," ya ce wa matarsa. "Maƙaryaci ba ya kushe. Kuma dubi yadda ya jera magana, daga ji kin san mai hankali ne."

"Baban yara, ka kira su ka tambaya mana."

"Ki bar ni da abin da na sani. Sana'ata ce."

Ya biya kuɗin kwana uku a take.

Da suka isa, tawul ɗin dai ya tsufa, wannan gaskiya ne. Ɗakin yana can hawa na sama, babu lif, Mama ta hau bene tana dafa bango tana salati. Gado biyu suka cinye ɗakin, yara suka kwana a ƙasa a kan akwatunan da aka buɗe. Jirgi kuma akwai shi. Ta bayan taga yake wucewa da gudu, kofuna su yi rawa a kan tebur, amma ko rage tafiya ba ya yi. Masani ya ce alama ce tashar tana kusa.

Da safe ya shige gaba da waya a hannu kamar jagoran ayari. Suka wuce masu gyaran babur, suka wuce wani gini da aka fara aka bari, suka bi jikin katangar layin dogo da ba ta da niyyar ƙarewa. Matarsa ta ce a tsayar da tasi. Ya ce an kusa. Ta sake cewa. Ya ce ga ta can. Abin da ya hango gadar ƙafa ce mai matakala, tashar tana wancan gefen, nan Mama ta zauna a kan dakalin wani shago ta ce ita fa ta iso.

Sai a lokacin aka tsayar da tasi, tasin kuma ta shiga cunkoson safe ta kafe. Da suka kai asibiti, matar da ke taga ba ta ko ɗaga kai ba. An kira sunan Mama har an gaji, likita ya shiga tiyata. Ta ba su wata rana bayan wata huɗu.

Mama ba ta dubi surukinta ba. Sai ta dubi 'yarta ta ce:

"Gaya wa mijinki na gode. Na zo gyaran ƙafa ɗaya, zan koma da biyu a lalace."

Matarsa ta koma gefe ta kira Yaya, kuma ba ta rage murya ba. Wannan ya fi komai yi wa Masani ciwo, don ya san kafin azahar labarin ya zagaya dangi.

Da suka koma otal ya auka wa mai karɓar baƙi. Mutumin ya saurare shi yana sakace, ya ce shi tun da ya fara aiki a nan bai taɓa ganin tasha a bakin ƙofa ba, baƙo ne ya rubuta, a je a tambayi baƙo.

Masani ya zauna a matakalar bene yana huci. Ya yi wa matafiyi mai iyali Allah ya isa. Mugu, azzalumi, wanda bai san darajar tsofaffi ba. Ya rantse sai ya tona asirin otal ɗin da marubucin gaba ɗaya. Ya ciro wayar ofis, ya shiga shafin da ɗaya daga cikin tsofaffin sunayen bogi da yake rubuta sharhin talla da su, ya zuba bala'i layi bayan layi, ya ba da tauraro ɗaya, ya danna.

Shafin ya ƙi karɓa. Ya ce mai wannan suna ya riga ya yi sharhi a kan otal ɗin, ko yana so ya gyara? A ƙasa ga taurari biyar, ga mahaifiya mai ciwon ƙafa, ga ɗan ƙaramin aibin da Masani da kansa yake koya wa sababbin ma'aikata su riƙa sakawa, don a yarda sun taɓa zuwa wurin.