Sawu a Filin Mushe Ƙadri

"Danda, ka sake barin bakin raga!" Mushe Ƙadri, malamin makarantar boko, ya daka tsawa, yana nuna wani sawu a rairayi.

Matarsa Lauratu ta kau da kai. Babu Danda, babu kowa. Damina biyu ruwa bai sauka a Issawane ba. Yaran da yake koya wa balo, wato ƙwallon ƙafa, wasu iyaye sun yi kudu da su, sauran suna maƙabarta, har da ɗansu Danda.

Amma Mushe bai sake tsarinsa ba. Kullum sai ya share fili da reshen aduwa, ya aje balo, ya tafi sallar la'asar, ya dawo ya karanta sawu, ya gyara wa kowa kuskurensa. Ranar da ya fara tarar da rairayin fes, babu sawu ko ɗaya, kwana uku bai ce uffan ba. Tun daga nan Lauratu take tuɓe takalmi, ta tattake filin da gudu kafin a sallame.

Ran Alhamis sojoji suka kawo dawar taimako. Layi ya riƙe Lauratu har rana ta yi ja. Ta taho da sauri, don yau ba ta tattake filin ba.

Ta same shi tsugune, yana murmushi. Filin cike yake da ƙananan sawu. A bakin raga, ga ƙafar Danda mai yatsa shida.

"Yau kowa ya zo, Lauratu," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ke kaɗai ce ba ki zo wasa ba."