Ragon Injiniya

Liman ya karkato da kunnensa, yana jiran in faɗa masa sunan jaririna. A gefensa Injiniya ya harɗe bisa darduma, ragon da ya kawo yana ɗaure a ƙofar gida. Duk garinmu Lausu an ɗauka shi za a yi wa takwara.

Tun ina yaro nake kwaikwayonsa, har karin hularsa. Saboda shi na karanci injiniyanci. Da na kai masa difilomata Kano neman aiki, sai da na kwana uku ina zarya kafin ya sauke gilashin mota.

Ya ce, "Kai wa mai ƙosai ta yi ƙunshi da ita."

Wani tsoho mai gyaran injin ban-ruwa a Rurum ne ya koya mini sana'ar da ta rufa mini asiri. Yanzu Injiniya takara yake, yana neman ƙuri'un manoman da nake yi wa aiki.

Na raɗa wa Liman sunan tsohon. Liman ya sanar. Injiniya ya daskare, hannayensa a sama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shafa fatiha mana. Rago kuwa, mun gode."