Baƙuwar Yerimaram

Rauda ta sake kwance jakarta. Ta fitar da zanen da ta tarar a bakin ƙofarta da safe, ta ninke, ta mayar, ta kuma fitar. Ba ta san ko kyauta ba ne ko aro. A gidan nan ba a yi mata bayani.

Likitar dabbobi ce daga Zanzibar. Wani shirin musayar ƙwararru tsakanin ƙasashen Afirka ya kawo ta Potiskum, ta yi wata shida tana nazarin cututtukan dabbobi a Kasuwar Shanu. Aka sauke ta a unguwar Yerimaram, gidan Alhaji Muhammadu Lawan, Bafulatani dillalin shanu, da matarsa Inna Asta. Hausarta ta koyo ce, amma tana isar ta gaisuwa da ciniki.

Ta san ranar da ta ɓata lamarin. Ba ta daɗe da zuwa ba Alhaji ya kai ta wajen garin Danchuwa ta ga garkensa. Ta ɗaga yatsa tana nuna shanun ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi, yadda aka koya mata a makaranta. Makiyayin ya juya mata baya. Alhaji ya yi tari, ya ce rana ta yi zafi, su koma. Sai daga baya ta ji cewa ba a ƙirga wa mutum shanunsa a gabansa, ana tsoron baki. A makon nan kuwa wata jar karsana ta kwanta.

Rauda ta yi ta zirga-zirga da allura har karsanar ta miƙe. Ta ce gara a sayar da ita tunda ta warke.

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji Alhaji. "Tana da mai ita."

Shi dai ya yafe, da alama. Inna Asta ce ba ta sauko ba.

Mace ce mai son hira. Tana yi wa mai kawo ruwa ba'a, tana ƙwala wa maƙwabta kira ta kan katanga, kowa da sunansa. Amma da Rauda ta shigo tsakar gida sai ta tuna da tukunya a wuta. Ba ta cin abinci da ita. Ba ta haɗa ido da ita. In dole ta kama, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa waccan tuwo zai huce." Ranar da maƙwabta suka yaba yadda ta ceto karsanar, Inna ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Ko damun fura ba ta iya ba."

Matan unguwa ma haka. Sukan zo ganin baƙuwa da dariyarsu, su tambayi sunanta, ta faɗa, sai su dubi Inna su yi tsit. Rauda ta gane labarin ƙirgen ya zaga.

Abin da ya fi hana ta sukuni shi ne kulawar. Kowace safiya akwai kindirmo a ƙwarya, an rufe da faifai. Takalman robarta da take dawowa da su kaca-kaca da kashin shanu, sai ta tarar an wanke. Ɗakin da aka ba ta ya fi kowanne kyau, da madubi, da awarwaro a jere a kan ƙusa waɗanda ba wanda ya ce ta taɓa ko kada ta taɓa. Ta ɗauka haka mutanen nan suke hukunci: su ba ka haƙƙinka cif, su hana ka fuska.

Ta ba da haƙuri da Hausa. Ta koyo kalmar da Fulatanci ta sake bayarwa. Inna ta ja mayafi ta shige madafa.

Shi ya sa ta roƙi Malama Saudatu, jami'ar shirin, a mayar da ita masauki a cikin gari. Da Alhaji ya ji, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Hantsi ya yi, keke napep ya tsaya a ƙofar gida ɗauke da Malama Saudatu. Rauda ta ajiye zanen a kan gado, ta fito. Inna na zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Inna, na tafi. Ki yafe mini."

Hannun da ke cikin faranti ya tsaya.

A waje Ya Meram, tsohuwar Babarbariya mai sayar da turaren wuta a gidan da ke kallon nasu, tana tsaye ta riƙe ƙugu. Malama Saudatu ta matsa wa Rauda wuri. Mai keke ya tayar, suka fara gangarawa.

"Rauda!"

Muryar ta fito a karye, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Inna Asta ce a bakin zaure, ba mayafi, ba takalmi, farantin na hannunta shinkafa na zuba.

Ya Meram ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta tare keken da hannu, ta leƙo, ta kama Rauda a wuyan hannu, Rauda kuwa ƙafarta ta riga ta taɓa ƙasa.

"Sauko, 'yar nan, ki je ki amsa. Mai ɗakin da kike kwana, mai jar karsanar nan, sunanku ɗaya, 'yar Asta ce ta fari. Ta raine ta har ta zama budurwa, har aka kai ta makwancinta, kunya ba ta taɓa barin ta ta kira sunan ba sai yau."