Yawon Dona Zulmira a Porto

Kofi uku Gaspar ya ce a kawo, alhali ya san mahaifiyarsa, Dona Zulmira, ba za ta sha ba.

Matarsa Mafalda ta bi ma'aikacin da ido har ya ajiye na ukun a gaban kujerar Dona Zulmira. Tun suna saurayi da budurwa take roƙon Gaspar ya kawo ta wannan gidan shan kofi mai manyan madubai. Kullum sai ya ce wurin baƙi ne masu kuɗin ɓarnarwa. Yau ga su a ciki, ranar da aurensu ya cika shekara biyu, amma ba don ita aka zo ba.

"Sha naka kada ya huce," in ji Mafalda. "Na Mama dai ya riga ya san makomarsa."

Gaspar ya yi kamar bai ji ba. Ya juya kujerar tsohuwar yadda za ta fuskanci titi.

Ba a daɗe da bikinsu ba Dona Zulmira ta tare a gidansu, bayan ƙafafunta sun gaza. Mace ce da ta ƙare ƙuruciyarta tana tallar kifi da kwando a ka, daga ƙauyen masunta na Afurada zuwa cikin birnin Porto, bakinta kuma ya fi wuƙar kankare kifi kaifi. Mafalda ta sha shi, ta haɗiye.

Amma tun sanyin bara abin ya koma wani iri. Gaspar ya daina fita ko'ina. Da ya dawo daga aiki sai falo, ya kunna wa Mama wasan kwaikwayon da take so a talabijin, ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin ofis. Abokai suka gaji da gayyatarsu. Mafalda ta wayi gari tana rage murya a cikin gidanta.

Ranar Laraba ta sauke akwatinta daga saman sif.

"Ko ka mai da ita Afurada ranar Asabar, ko ni in koma Braga gidan ubana. Zaɓi ɗaya."

Ya yi kuka, sannan ya yarda. Abu guda ya roƙa: a fara zagaya gari da ita, ta ga wuraren da ta yi ta wucewa da kwandon kifi ba ta taɓa shiga ba.

Daga gidan kofi suka nufi hasumiyar Clérigos. Matakalar tana da tsawo, ga ƙunci.

"Ka bar ta a ƙasa ta jira mu," in ji Mafalda. "Mu hau mu biyu, ko sau ɗaya a rayuwa."

Ya rungumi uwarsa a ƙirji ya hau da ita har ƙoli, bai tsaya hutawa ba. A can sama samari da 'yan mata ne birjik, an jingina da juna ana ɗaukar hoto. Gaspar ya miƙa hannu yana nuni. "Mama, ga gada can. Ga unguwarku can baya." Mafalda ta ɗauki kanta hoto ita kaɗai, ta duba fuskar da ta fito, ta goge.

A cikin tsohon taragon lantarki mai bin gaɓar kogi, kujera biyu suka rage. Ya ba Mama ta jikin taga, ya zauna a ɗayar. Mafalda ta tsaya tana riƙe da igiyar sama. Wata mata mai jakar cefane ta buɗe baki za ta yi magana a kan kujerar, sai ta dubi Dona Zulmira da kyau, ta yi alamar gicciye ta ja da baya.

La'asar ta yi kafin su tsallaka kogi zuwa Afurada. Hayaƙin gasasshen kifi ya cika lungu. Kawu Albano, ƙanen mahaifin Gaspar, yana jiransu a gindin jirginsa na kamun kifi. Ya cire hula.

"Zulmira, kin dawo gida ke nan," ya ce. Ya harari Gaspar. "Kai kuma, sarkin nawa, ruwa ba ya jiran kowa. Ku shiga."

Duk shekara akan kai Dona Zulmira bakin da kogin Douro ke shiga teku, inda jirgin mijinta Firmino ya kife ba a ga gawarsa ba. Can suka nufa. Kawu ya kashe inji, jirgi ya riƙa lilo.

Gaspar ya ƙanƙame uwarsa.

"Mafalda, ba yau ba. Mu koma da ita gida. Sati mai zuwa, na rantse miki."

"Sati mai zuwa!" Ta miƙe tsaye har jirgin ya karkata. "Haka ka ce wancan watan, haka ka ce na gabansa. Wa ya yi ta yi mata wanka, Gaspar? Wa ya ba ta abinci a baki tana zagina? Kai kana bakin ƙofa kana share hawaye. Hannuna ta riƙe, ba naka ba. Ta ce, yarinya, ɗan nan nawa rago ne, ke za ki kai ni wurin Firmino. Na ce mata to. Kai kuma ka dasa ta gaban talabijin kamar tukunyar fure!"

"Zauna, ɗiyata, kada ki kifar da mu," in ji Kawu Albano. Bai ce ta yi shiru ba.

Ba ta zauna ba. Ta ɓamɓare yatsun mijinta ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi tsohuwar. Gaspar ya rufe fuska da tafin hannu, amma bai hana ta ba.

"Yi haƙuri, Mama," ta ce. "Mun ɓata miki lokaci."

Ta buɗe murfin ɗan tulun da ta karɓa daga hannun Gaspar, ta zazzage tokar gawar surukarta, wadda aka ƙone tun sanyin bara, cikin teku.